Ruwan kabon na kwalba da gansakukar sabon tankina

Tankin kifi ne na gilashi mai cin lita 60. Na dasa tsiron ruwa iri biyu: Anubias a jikin itace, na jera Vallisneria ta baya. Sati biyu da zuba ruwa, sai wata ƙura ruwan ƙasa ta lulluɓe gilashi da ganye. Hankalina ya tashi, na garzaya na sayo ruwan kabon na kwalba da ake zubawa a tanki don kashe gansakuka, irin wanda ake haɗawa da sinadarin glutaraldehyde. Yau wata biyu ke nan ina amfani da shi.

Ita wannan ƙurar ban ga ya yi mata komai ba. Ashe halin sabon tanki ne, da yatsa ma gogewa take yi. Dodon koɗi biyu na saka, irin nerite, suka lashe gilashin tas, sauran ta ɓace don kanta.

Inda ya burge ni kan baƙar gansakukar nan ce mai tsirowa tuji-tuji a bakin ganyen Anubias, kamar gemun bunsuru. Ko da farce ba ta cirewa sai ta yago ganye. Takardar kwalbata ta ce mililita 1 ga lita 50 a kullum, amma zubawa cikin ruwa haka kawai bai taɓa ta ba. Sai na canza dabara: in kashe filta, in zuƙi awon ranar a sirinji, in kai bakinsa daf da gemun in matsa a hankali, in jira kamar minti 10 kafin in kunna. A kwana na uku baƙin ya koma ja-ja, daga nan ya yi fari ya kakkaɓe. Har maiɗakina na kira ta zo ta gani, ta ce dama kifin za a soya da ta fi murna.

To sai zalama ta kama ni, na ninka awon. Vallisneria ba ta jure wannan sinadari, cikin mako ɗaya ganyenta ya narke ya zama kamar dafaffen lalo. Laifina ne, sai da na kwashe rabinta na zubar. Sinadarin kuma yana da wari mai hawa kai, ina kaffa-kaffa da idona da fatar hannuna, kuma can saman kabad nake ɗora shi saboda yara.

Koren zaren gansakuka mai kama da gashi kuwa bai daina fitowa ba sai da na rage fitila daga awa 10 zuwa 6, na sa labule a tagar da rana ke bugo tankin da la'asar, na riƙa canza rabin ruwan duk Asabar. Abincin kifi ma na rage.

Yanzu ba kullum nake taɓa kwalbar ba. Sai in na hango sabon gemu a jikin itacen nake ɗauko sirinji, ga shi ko rabinta ban kai ba.