Ciwon alkama da tuwon Inna: wasiƙa daga Faris zuwa Maradi

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, ke da maigida da yara. A gaida Inna da ƙarfin jiki, a gaida mutanen unguwar Zariya baki ɗaya.

Ran nan a waya na ji ranki ya ɗan sosu da na ce kada a sa alkaki da taliya cikin saƙon da za a ba mai tahowa. Na san da hannunki kika yi niyyar murza taliyar. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kin tuna yadda nake tun muna gida: ciki kullum a kumbure, zawo ya tafi ya dawo, kasala ta hana ni ko ɗaukar bokiti. Likita ya ja fatar idona ya ce babu jini. An yi mini maganin taifot, an yi na olsa, an yi na tsutsar ciki, Inna ta jiƙa saiwoyi har ta gaji. Da na zo Faransa abin ya ƙaru, domin nan buredi ne da safe, buredi da rana, makaroni da dare. A shekarata ta biyu wata likita ta sa aka ɗebi jinina, daga baya aka sa mini barci aka zura siririn tiyo ta baki har farkon ƙaramin hanji, aka tsinko ɗan nama kamar ƙwayar riɗi. Ta ajiye hoto biyu a gabana. Hanjin mai lafiya gashi-gashi ne kamar sabon tawul, da wannan gashin yake tsotse amfanin abinci. Nawa ya shafe sumul kamar daɓe. Ashe duk tuwon da nake ci wucewa yake yi.

Sunan ciwon seliyak. Abin da ke tayar da shi suna kiransa guluten, shi ne danƙon nan da ke sa ƙullin fanke ya miƙe in an ja shi. Yana cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da Faransawa ke ce wa segil. In ya shiga cikin mai wannan ciwo, sai garkuwar jikinsa ta juya ta far wa hanjinsa. Babu allura, babu ƙwaya. Maganin ɗaya ne, a bar alkama har ƙarshen rai. Likitar ta ba ni labarin wani likitan yara a Holand mai suna Willem Dicke, wanda ya lura cewa lokacin yunwar yaƙi ta 1944 zuwa 1945, da buredi ya ɓace, yaran da yake jinya suka samu sauƙi, da buredi ya dawo ciwo ya dawo. A 1950 ya rubuta bincikensa.

Abin da mutanen nan suka fi mu da shi, Yaya, rubutu ne. Doka ta tilasta duk abincin da ke cikin leda ko gwangwani a jera abin da aka sa a ciki, kuma akwai abubuwa 14 masu tayar wa mutane ciwo da dole a fito da sunansu ɓaro-ɓaro, alkama na ciki. Ko gidan abinci sai ya ajiye wannan bayani a rubuce. Ba a yarda a rubuta wa kaya "babu guluten" ba sai in abin da ke ciki bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba. Akwai kuma tambari, zangarniyar alkama da aka ja wa layi cikin da'ira, wanda ƙungiyar masu ciwon, AFDIAG, ke kula da shi a nan Faransa. Satin farko na yi sa'a biyu cikin babban kanti da kwando a hannu, ina juya kowane ƙunshi ina karanta ƙananan haruffa. Na sami alkama a inda ban taɓa zato ba: cikin miyar kwalba, cikin naman leda, cikin wasu dunƙulen miya. Na fito da shinkafa da ƙwai da tumatir kawai, na zauna a tashar bas hawaye na zuba.

Hukumar inshorar lafiya tana taimakawa in an tabbatar da ciwon ta hanyar naman hanjin nan. Tana mayar da kashi 60 cikin 100 na kuɗin buredi da gari da taliya da biskit na musamman, amma lissafin ba ya wuce yuro 45.73 a wata ga babba, wato wajen jaka talatin na sefa, abin da ke dawowa hannu kuwa wajen jaka sha takwas. Kada ki ga kamar da yawa. Buredin nasu ɗan ƙunshi ne da bai kai tafin hannu biyu ba, ina sayensa kusan yuro huɗu, alhali dogon buredin kowa da kowa yuro ɗaya da ɗan kai ne. Ga shi da marmashewa, in ba a gasa shi ba ba ya haɗiyuwa. Na daina sayensa sai jefi-jefi.

Ranar da aka tura ni wurin mai ba da shawarar abinci, ta miƙo mini takardar abin da ya halatta gare ni. Ina karantawa sai na ga kamar ina ratsa babbar kasuwar Maradi: hatsi, dawa, masara, shinkafa, wake, rogo, dankali, gujiya, acca, nama, kifi, nono, ganye. Na ce mata wannan ai abincin uwata ne. Tuwon hatsi da miyar kuka, fura da nono, koko da ƙosai, dambun zogale, shinkafa da wake, babu ɗaya da ke da guluten in an yi shi yadda Inna ke yi. Abin da ake ɗora wa tambari a nan a sayar da tsada, shi muke auna wa da tiya.

Na je kantin masu sayar da abincin da aka noma ba da takin zamani ba, na ga an rubuta hatsi a ƴar leda rabin kilo, kuɗinta ya haura jaka biyu. Na saya da murna, na buɗe sai na ga wani iri ne, rawaya, ƙanana, ba ƙamshi. Na gwada fura da shi ta ƙi dunƙuluwa. Hatsinmu na gaske sai a Shato Ruj, unguwar da ƴan Afirka ke kasa kaya a arewacin Faris, galibi daga Senegal da Mali, tare da acca da kuɓewa da garin kuka. Ko can sai na yi hattara, domin buhunan a buɗe suke kuma cokali ɗaya ke shiga wannan ya shiga wancan. Ayar nan da jiharmu ta fi kowace jiha a Nijar nomawa, wadda yara ke tauna a hanyar makaranta, nan niƙa ta ake yi a sayar wa irina a matsayin gari mai daraja, mutanen Sifen kuma suna yin kunu da ita.

Sai dai in na ce gida ya fi sauƙi ban faɗi gaskiya duka ba. A gida abincin yana nan, amma ba mai gaya miki abin da aka sa. Mai waina takan ƙara fulawa don ta tashi. Ɗanwake yanzu da yawa da fulawa ake kwaɓa shi. Man da aka soya fanke shi ake tsoma ƙosai a ciki. Injin niƙa ya niƙa alkamar wata, ya karɓi hatsinki ba a share ba. Ɗan wannan ya isa ya taɓa hanjina ko ban ji komai nan take ba. Sannan ga kara. Bature in ka ce masa ba ka cin abu sai ya ce to. Mu kuwa sai "haba, ɗanɗana kaɗan, albarka ce". A wani suna na mutanenmu a San Deni, nan gefen Faris, wata baiwar Allah ta rantse mini ɗanwakenta wake ne da rogo. Na ci don kada ta ji kunya. Kwana uku ban je aiki ba. Ba mugunta ta yi ba, a wurinta cokali biyu na fulawa ba komai ba ne.

Yana kuma damuna yadda karin kumallonmu ya koma shayi da buredi, abincin dare ya koma taliyar leda. Muna ture abin da gonarmu ke bayarwa muna rungumar alkamar da akasari shigo da ita ake yi.

Kada wani ya ce miki ciwon Turawa ne. A duniya ana ƙiyasta mutum 1 cikin 100 na da shi, kuma binciken da aka buga a 1999 kan yaran Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara, ya sami fiye da 5 cikin 100. Yana bin jini: cikin iyaye da ƴaƴa da ƴan uwa na ciki ɗaya, wajen 1 cikin 10 kan kasance da shi. Ke ma kin daɗe da ƙarancin jini, kuma autarki ta ƙi girma, ga ciki a gaba. Ba kowane kumburin ciki ne wannan ba, amma ku je wurin likita ku nemi gwajin jini mai suna anti-transglutaminase, zan turo kuɗin. Kada ku daina cin buredi kafin gwajin, in an daina sakamakon kan fito kamar babu komai.

Ni dai alhamdu lillahi. Wata takwas ke nan, zawo ya tsaya, jini ya ƙaru, ina hawa bene hawa huɗu ban tsaya hutawa ba.

A cikin saƙon a sa mini garin hatsi wanda aka daka a turmi, kada a kai inji. A sa kuka, busasshiyar kuɓewa, daudawa, aya da ƙuli-ƙuli daga hannun wadda kika yarda da ita. Kada a sa kilishi, an hana shigo da nama cikin kaya, kwastan za su karɓe. In Allah ya kai mu babbar salla ina tafe, ki ware mini rariya da muciya da ƴar tukunya ɗaya. Ki karanta wa Inna wannan a hankali, ki ce mata tuwonta nake so ranar da na sauka.

Ƙanwarki.