Filin Tunawa da Kwame Nkrumah a Accra: ya cancanci kuɗin shiga

Duk baƙon da ya zo mana unguwar Nima daga Kano ko Yamai, nan nake fara kai shi kafin bakin teku ko kasuwar Makola. Filin yana kan titin High Street, dab da Arts Centre inda ake sayar da kayan gargajiya. Tun da aka gyara shi aka sake buɗewa a 2023, ya yi tsaf: ruwa na tashi daga maɓuɓɓugai, ga gumakan masu busa sarewa a jere, ga inuwar da za a huta.

A wannan fili, wanda a da Turawa ke wasan folo a cikinsa, Nkrumah, shugaban Ghana na farko, ya tsaya daren 6 ga Maris 1957 ya shelanta 'yancin Ghana, sanye da batakari irin ta mutanen arewa. Kabarinsa yana ƙarƙashin wani dogon gini na marmara. An binne shi a garinsu Nkroful bayan ya rasu a Bucharest ta ƙasar Romaniya a 1972, sai a 1992, zamanin Rawlings, aka dawo da shi nan. Matarsa Fathia, 'yar Masar, tana kwance kusa da shi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne gunkinsa marar kai. An farfasa shi ne lokacin juyin mulkin 24 ga Fabrairu 1966, Nkrumah yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi a Vietnam. Yanzu ga gangar jikin a tsaye, ga kan an ajiye a gefe. Na ji daɗi da ba su haɗe shi sun ɓoye tabon ba. Mutumin da ya gina madatsar ruwan Akosombo da tashar jiragen ruwan Tema, shi ne jama'a suka fito tituna suna murnar faɗuwarsa. Shugaban Gini Sékou Touré ne ya karɓe shi a Conakry, har ya ba shi muƙamin abokin shugabancin Gini, kuma bai sake taka ƙasar Ghana da ransa ba.

Wuri ne na karramawa, saboda haka ka je da saninka. Wannan shugaban dai shi ya kawo dokar tsare mutum ba shari'a a 1958, ya mai da ƙasar ta jam'iyya ɗaya a 1964, kuma ɗan adawa J. B. Danquah, wanda yana cikin waɗanda suka gayyato shi gida a 1947, ya mutu a kurkukun Nsawam a 1965. Ina girmama Nkrumah ƙwarai, amma yaran da nake kaiwa sai na faɗa musu wannan ma.

Ɗakin adana kayan tarihin ba babba ba ne, akwai hotunansa da shugabannin duniya, da littattafansa, da wasu kayan da ya yi amfani da su. Ka nemi ɗan rakiya ya zagaya da kai, ya fi ka bi kana karanta alluna kai kaɗai. Kuɗin shiga na ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, don haka ɗan Ghana ya riƙe katinsa. A je da safe, domin ranar Accra in ta take, tsayuwa a filin nan sai mai haƙuri.