Gwajin ERG na ido: ra'ayina ga masu fama da dundumi

Jama'a in dai kuna da yaro mai dundumi, an sha bitamin A an ci hanta da karas har an gaji amma da magariba ta yi sai ya koma laluben bango, toh gwajin ERG ɗin nan, wato gwajin da ke auna saƙon lantarkin da ido ke fitarwa in haske ya shige shi, ni dai a wajena ya ci kuɗinsa, duk da cewa ba arha gare shi ba kuma ba kowane asibitin ido ke da na'urar ba. Ƙanena aka yi wa a wata cibiyar ido mai zaman kanta, bayan likitoci sun sha leƙa bayan idon suna cewa su ba su ga komai ba.

Yadda abin yake, za a ɗiga maganin da ke buɗe ƙwayar ido, sai a zaunar da mutum a ɗaki mai duhu ƙirin na minti 20, ko hasken waya ba a yarda ba. Daga nan a ɗora wani siririn zare a fatar ido ta ƙasa, a manna wayoyi a goshi da gefen fuska, a riƙa walƙa haske kaɗan kaɗan har zuwa mai ƙarfi, sannan a kunna fitila minti 10 a sake, har da wani mai ƙyaftawa sau 30 a daƙiƙa ɗaya. Ba zafi, sai dai ƙaiƙayi da hawaye.

Abin da ya burge ni shi ne bayanin likitar, wlh matar nan ta iya koyarwa, biro ta ɗauka ta zana mana. Ta ce a retina, wato tantanin da ke can bayan ido, akwai ƙwayoyin da ke karɓar haske, rod na ganin dare da kon na rana da kala, kuma abin mamaki a cikin duhu ne suke ta zubo wani sinadari glutamate, in haske ya zo sai su rage. Ƙwayoyin da ke biye musu su ne bipolar, iri biyu ne, ON da OFF. Su ON raguwar sinadarin nan ce ke tashinsu su tura saƙon lantarki gaba zuwa jijiyar ido, su kuma OFF sai haske ya ɗauke suke motsawa. Saƙon rod kuwa ta ON yake bi. Shi ya sa a takardar sakamako layin yakan fara nutsawa ƙasa, wannan a-wave kenan aikin rod da kon, sannan ya yi tsalle sama, b-wave, aikin bipolar ON. Na ƙanena ya nutsa lafiya lau amma tsallen bai kai ko'ina ba. Kamar dai wuta ta iso taransifoma amma wayar da za ta shigar da ita gida ta tsinke.

Ma'anarsa dundumin haihuwa ne irin wanda ba ya ƙaruwa, ba retinitis pigmentosa ba wadda ke cin rod a hankali har gani ya ƙuntace, kuma ita muke tsoro tun farko. Hajiya sai da ta yi hamdala a wajen. Kuma an ce mu daina ɗura masa bitamin A tunda ba ƙarancinsa ba ne, yawansa ma illa ne ga hanta.

Inda suka gaza kuwa, jira. Mai sarrafa na'urar mutum ɗaya ne kuma ba kullum yake zuwa ba, an ba mu lokaci da safe ba a kira mu ba sai bayan azahar, ga shi shi kansa ba ya magana, yaro na zaune cikin duhu a tsorace ko ya ce masa sannu. Sannan babu wanda ya gaya mana tun a waya cewa maganin ɗigawar zai sa gani ya yi dishi-dishi na wasu awanni, da ranar nan ta arewa fitowa waje azaba ce, don haka ku tafi da baƙin gilashi kuma kar wanda aka yi wa ya tuƙa mota ko babur.

Gwajin ba magani ba ne fa, kar a je da wannan tunanin, mu gilashin hangen nesa aka sabunta masa aka ce ya riƙa yawo da tocila da dare. In ƙaramin yaro ne sosai wanda ba zai zauna ba, ku tambaya tun kafin ku biya ko suna da irin na'urar hannu da ake manna sitika a ƙasan ido maimakon zaren.