Sharhi: na biya an gyara mini wasiƙar bayani ta neman zaman dindindin a Kanada

Idan takardunka duk bakinsu ɗaya, suna iri ɗaya, ranar haihuwa iri ɗaya, wurin aikinka kuma ya yarda ya rubuta maka duk abin da ake nema, ajiye kuɗinka. Wannan hidima ta irinmu ce, masu takardun da suka ɗan saɓa da juna. Ni ta yi mini rana, duk da akwai wuraren da raina ya sosu.

Abin da na saya shi ne dubawa da gyaran wasiƙar bayani a hannun wata mai ba da shawara kan shige da fice da ke zaune a Toronto. Ta Express Entry na nema, tsarin neman zaman dindindin ta intanet na masu sana'a, wanda Kanada ta buɗe a Janairun 2015. Da zarar gayyatar miƙa takardu ta iso, kwana 60 gare ka ka ɗora komai a shafin IRCC, hukumar shige da ficen Kanada. Wasiƙar ba ta cikin takardun dole. Gurbi ne na ganin dama, inda za ka yi wa jami'i bayanin duk abin da zai iya sa ya tsaya yana tantama a kan fayil ɗinka.

Kafin na tura ko sisi, na nemi lambar lasisinta na duba a rajistar CICC, hukumar da ke sa ido kan masu wannan sana'a tun Nuwambar 2021. Rajistar a buɗe take ga kowa a intanet. Ita ma mai ba da shawarar ba ta fara aiki ba sai da muka cike fom IMM 5476, wanda ke sanar da hukuma cewa akwai wanda aka biya yana taimaka maka. Ejan-ejan da ke cika Facebook da talla ba sa ko ambaton wannan fom, kuma dalilin a fili yake.

Daftarin da na tura mata ya kai shafi huɗu. Irin wasiƙar da muka tashi muna rubutawa ce: gaisuwa da fatan alheri, tarihin gida, yadda nake ƙaunar Kanada, sannan roƙo a ƙarshe. Ta dawo mini da shafi ɗaya da rabi. A waya ta ce, "Malam, jami'in nan ba taimako zai yi maka ba, lissafi yake yi. Nuna masa inda lissafin ya yi kamar ya karkace, ka miƙa masa takardar da ta daidaita shi." Kowace matsala ta ba ta ɗan take, jimla biyu ko uku, sai sunan takardar shaida da lambar shafin da take. A sama kuma sunana yadda yake a fasfo, ranar haihuwa da lambar fayil. Iyakar tsarin ke nan.

Inda na ga ƙwarewarta sosai shi ne batun suna. A takardar WAEC sunan garinmu ne a matsayin sunan ƙarshe, kamar yadda aka yi wa da yawa daga cikinmu a firamare. A takardar jami'a Mohammed, a fasfo Muhammad. A wajenmu wannan ba abin magana ba ne, amma ga wanda ke zaune a ofis a wata nahiya mutum uku yake gani. Ta sa na je babbar kotu na yi rantsuwar cewa duk sunayen mutum ɗaya ne, ta kuma jera su a wasiƙar, kowane da takardar da ya fito a ciki. Ta dage in rubuta tsofaffin sunayen a gurbin da fom ya tanada don haka, domin kada wasiƙa ta faɗi abu fom ya yi shiru a kai.

Sai kuɗi. Ana son takardar banki da ke nuna abin da ke asusu yanzu da matsakaicin abin da ya zauna a ciki cikin wata shida, kuma kuɗin rance ba ya shiga lissafi. Ni fili na sayar, don haka kuɗi mai kauri ya faɗo asusuna rana ɗaya. Takardar cinikin da Hausa aka rubuta ta, da biro shuɗi, a kan falle ɗaya da ya sha ninki, ga hatimin mai unguwa da sa hannun shaidu a ƙasa. Kanada Turanci ko Faransanci kawai take karɓa, saboda haka sai da aka fassara ta, mai fassarar ya yi rantsuwa, muka haɗa da shaidar shigowar kuɗin daga asusun wanda ya saya. A wasiƙa duk wannan ɗawainiya layi uku ta ci.

Tsohon kamfanin da na yi wa aikin akanta ya ƙi rubuta albashi da yawan awannin aiki a takardar shaida, wai ba tsarinsu ba ne. Alhali ana son duka biyun, tare da muƙami, ranakun farawa da gamawa, da ayyukan da ka yi don a gwada su da lambar sana'arka ta NOC, wato jerin sana'o'i na gwamnatin Kanada. Shawararta ita ce kada mu soki kamfanin ko da kalma ɗaya. Muka ce mun nema an hana, ga saƙon imel ɗin da suka hana a ciki, ga takardar ɗaukar aiki da takardun albashi na wata-wata a madadinsa.

Wata tambaya da ta yi mini ta tsaya mini a rai: ko an taɓa hana ni biza a ko'ina a duniya. Na ce Ingila, tun da daɗewa, ta ziyara. Ta ce a rubuta, a fom da kuma a wasiƙa. A ƙarƙashin sashe na 40 na dokar shige da ficen Kanada, ɓoye irin wannan bayani yaudara ne, hukuncinsa kuma haramcin shiga ƙasar na shekara biyar. Ƙasashen nan suna musayar bayanai da hoton yatsu. Wanda ya ce maka "bar shi, ba za su gani ba" ramin mugunta yake gina maka da kuɗinka.

To ga inda aka ɓata mini rai. Gyaran farko ba ita ta yi ba, wani mataimakinta ne, kuma a bayyane yake daga wasiƙar wani ya kwafo, domin a tsakiyar tawa na ci karo da jimlar da ke maganar aikin jinya a asibiti. Ni akanta ne. Da na ɗora ta haka ba tare da na karanta ba, da na saka wa kaina ƙarya a fayil. Ta ba da haƙuri, ta karɓi aikin da kanta, amma wanda ke cajin dalar Kanada a lokacin da naira ke zubewa bai kamata ya bar irin wannan ta wuce ba. Amsar saƙo ma tana jinkiri. Lokacin sanyi awa shida ke tsakaninmu da Toronto, in ka tura tambaya da safe sai bayan isha'i, wani lokaci washegari, ga kwana 60 suna ta raguwa. Kuma kuɗin da na biya gyara biyu kawai ya ƙunsa, abin da aka rubuta da ƙananan haruffa a ƙasan yarjejeniya. Na uku sai da na ƙara.

Batun ɗorawa kuwa ni na yi fama da shi ni kaɗai. Gurbin fayil ɗaya yake karɓa, wanda a lokacin bai wuce megabait 4 ba, don haka wasiƙa, rantsuwar kotu, takardar fili da fassararta, da takardun albashi duk sai sun dunƙule a PDF guda. Da na matse shi ya shiga, hatimin mai unguwa ya dishe har ba ya karantuwa. Na koma shagon kwamfuta aka sake ɗaukar wannan shafi shi kaɗai da kyau, aka rage nauyin sauran. Ban ga dalilin da zai hana hidimar da ake biya ta ƙunshi wannan ɗan aiki ba, ko aƙalla a gargaɗi mutum tun da wuri.

An amince da fayil ɗina ba tare da an nemi ƙarin takarda ba. In tauraro ake bayarwa, huɗu zan ba ta cikin biyar, ɗayan kuma mataimakinta ne ya cinye shi.