Motar asibitin soja ta Dodge: ta 1/35 za a saya ko ta 1/72?

Wani ɗan'uwa daga Mabera ya aiko da tambaya. Yana son ya fara haɗa ƙananan motocin robar nan da ake sayarwa gunduwa-gunduwa a kwali, kuma ransa ya kwanta da motar ɗaukar marasa lafiya ta sojojin Amurka, Dodge WC-54. Sai ya tarar da ita a girma biyu: ta kamfanin Italeri mai lamba 1/35, da ta Academy mai lamba 1/72. Bai taɓa haɗa ko ɗaya ba, ba shi da injin feshi, da buroshi zai yi fenti. Wacce zai saya?

Malam, ɗauki ta 1/35. Amma ƙaramar ma tana da wuraren da ta fi, musamman a yanayinmu na Sakkwato, don haka bari mu jera su gefe da gefe ka ga dalili da idonka.

Motar gaske an ƙera ta daga 1942 zuwa 1944, tana ja da ƙafafu huɗu, tana ɗaukar majinyata huɗu a kwance ko har bakwai a zaune, tsawonta kuwa ya kusa mita 5. Lambar da ke jikin kwali tana gaya maka sau nawa aka rage wannan tsawo. Ka raba mita 5 gida 35, za ka samu wajen santimita 14, ta cika tafin hannun babban mutum. Ka raba gida 72, za ka samu wajen santimita 7, kaɗan ta ɗara kwalin ashana. Rabin tsawo ke nan, amma filin da za ka shafa wa fenti a babbar ya ninka na ƙaramar fiye da sau huɗu. Haka kuskure ma yake tafiya da lissafi. Ratar rabin milimita tsakanin bango da rufi, a 1/35 daidai take da ratar santimita 1.75 a motar gaske. A 1/72 ta zama santimita 3.6, ramin da yatsu biyu za su shiga. Duk abin da hannunka ya ɓata, ƙaramar za ta nuna shi ninki biyu.

Wannan shi ne babban dalilin da ya sa muke tura sabon hannu wajen babbar. Sitiyari, madubi, liban giya da fitilun 1/35 kana iya riƙe su da yatsa ka kankare su da reza. Na 1/72 sai da hantsaki, kuma in ka matsa da ƙarfi abin zai yi tsalle ya faɗa kan tabarma, shi ke nan an rabu. Wanda ya zaɓi ƙaramar ya riƙa aiki a cikin faffaɗan tire mai baki, ya kuma yanke ƙananan sassa a cikin farar leda don kada su tashi.

Ta wajen tsaftar roba kuwa, ƙaramar ce a gaba. Mazubin da ake fitar da ta Italeri tsoho ne, tun shekarun 1970, saboda haka ka sa rai da ɓawon roba a gefen sassa, da layin mahaɗa a tsakiyar sifirin da aksul, da zagayayyun tabo a cikin bango inda injin ya turo robar waje. Ta Academy ta fi ta sabunta, sassanta kaɗan ne, kuma a kwali ɗaya ake haɗo ta da 'yar taraktar filin jirgin sama. Kada ɓawon ya tsorata ka. Abin yanke farce mai kaifi, sabuwar reza, magagarin farce na shagon kayan kwalliya da sanfefa mai lamba 400, 600 da 1000 sun isa. Kada ka murɗe sashe da hannu daga jikin firam, wato sandunan robar da sassan ke zuwa manne da su, zai tafi da naman robar ya bar rami. Yanke shi da ɗan nisa, sannan ka rage guntun a hankali. Kafin komai, wanke firam ɗin duka da ruwa da sabulun wanke-wanke, ka bar su su bushe a inuwa, domin maiƙon masana'anta yana hana fenti kamawa.

Inda aka fi faɗuwa a babbar shi ne shasi. Sifirin huɗu da aksul biyu ne, kowanne daban, kuma in ɗaya ya karkace da milimita guda, taya ɗaya za ta tsaya a sama kamar akuya mai ɗingishi. Yi aikin a kan gilashi ko tayil, abin da ka tabbata shimfiɗaɗɗe ne. Ɗora shasin tukuna ba gam, ka duba ko yana rawa. In ya zo a murɗe, wanda zafin hanya kan jawo, tsoma shi a ruwan zafi da bai tafasa ba na daƙiƙa 20 zuwa 30, ka danne shi a kan tayil ɗin, ka zuba masa ruwan sanyi yana danne. Bayan ka manna sifirin da aksul, saka tayoyin ba gam, ka tsayar da motar, ka ɗora mata ɗan nauyi kamar batirin rediyo, ka bar ta ta kwana. A 1/72 wannan aikin bai kai haka tsawo ba, amma ƙusoshin da tayoyi ke hawa sirara ne ƙwarai, gam kaɗan ya yi yawa sai su narke su lanƙwashe.

Sai akwatin baya, wanda shi ne ya mai da ita motar asibiti. A nan babbar ta yi wa ƙaramar nisa. A 1/35 kana iya barin ƙofofin baya biyu a buɗe, matakin hawa a sauke, a leƙa a ga benci da gadajen ɗaukar majinyata. Kana iya yin bargo da takardar goge hannu da aka jiƙa da farin gam mai ruwa, ka naɗe ta ka ajiye a kan gado. A 1/72, ko ka sha wahalar cikin, da ƙyar ido zai kai gare shi ta tagogi masu faɗin ƙwayar wake. To amma buɗe ƙofa yana da farashi: dole ka cike tabon nan na cikin bango da fila, wato ƙullun toshe rami, ka goge, ka yi fentin ciki gaba ɗaya kafin ka rufe rufi, domin bayan an rufe buroshi ba zai shiga ba. Inda takardar umarni ta ce fari, ka san fari ba ya rufe roba mai duhu da shafa ɗaya, sai uku ko huɗu, kowace siririya. Ka kankare fentin daga bakin da gam zai hau. Wajen haɗa bango da daɓe, jingina kwalin ashana a kusurwa don ta tsaya daidai, ka ɗaure da robar ɗaurin kuɗi ba tare da matsewa sosai ba.

Maganar gam ɗaya ce ga duka biyun, sai dai yawan da ake sawa. Gam ɗin wannan aiki, irin su Tamiya Extra Thin mai koren murfi ko Revell Contacta mai bakin allura, narkar da fuskar robar yake yi ta haɗe da 'yar'uwarta. Da mai ruwa-ruwan, haɗa sassan ake fara yi, sannan a taɓa mahaɗar da bakin buroshi, shi da kansa zai bi layin. Kada yatsanka ya kasance kusa da layin, gam zai bi ta ƙarƙashinsa ya buga zanen yatsanka a jikin ƙofa. A zafin watan Afrilu, kwalbar da aka bari a buɗe ƙafewa take yi kana kallo, don haka rufe ta bayan kowace taɓawa, kuma ka yi aiki inda iska ke shiga, nesa da wuta. Gam ɗin masu gyaran takalmi ba ya cikin lissafi, yana cin roba yana jan zare. Supa gulu yana riƙewa, amma ba ya ba ka lokacin gyara, kuma tururinsa yana mai da gilashi fari fat kamar hazo. Gilasai sai da farin gam na kafinta, irin Top Bond, a ɗebo da tsinken sakace a ɗiga a kusurwoyi. In ya bushe ba a ganinsa, in ya zarce kuma audugar goge kunne mai laima za ta ɗauke shi. Saka su a ƙarshe, bayan an gama fenti.

Fenti ne wurin da ƙaramar take da hujja mai ƙarfi, kuma gaskiya ne sai an faɗe ta. Jikin motar asibiti faffaɗan bango ne da rufi, ba ƙugiyoyi da tarkacen da za su ɓoye sawun buroshi kamar a tankar yaƙi. A garin da zafi ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, iska kuma ta bushe ƙayau da hunturu, fentin ruwa yana fara daskarewa tun a bakin buroshi. Rufin 1/72 ja biyu ya gama shi kafin fentin ya farga. Rufin 1/35 kuwa, kafin ka kai ƙarshe farkon ya kama, in ka koma kansa sai ya yi kunya-kunya kamar gona. Maganinsa sananne ne. Yi fenti da sassafe bayan sallar Asuba ko da dare, a kashe fanka. Nemi buroshi mai faɗin baki, wajen milimita 8 zuwa 10, mai laushi. Tsinka fentin ya koma kamar madara, ka ja shi ta fuska ɗaya, kada ka koma inda ka wuce, ka jira awa guda, sannan shafa ta biyu ta gicciye ta farko. Shafar farko za ta yi muni, ana ganin roba ta ƙasa, haka ake so. Ta uku ce ke rufewa. Launin shi ne koren nan mai duhu na sojan Amurka: lamba XF-62 a fentin kamfanin Tamiya, lamba 155 a na kamfanin Humbrol. Ga mai buroshi, fentin kamfanin Vallejo ya fi na Tamiya sauƙi, domin da ruwan leda ake tsinka shi, na Tamiya kuwa shafa ta biyu takan ɗago ta farko in ba ta bushe sosai ba. Humbrol na mai ne, yana jinkirin bushewa, abin da ya zama alheri a nan saboda yana bajewa da kansa, sai dai a ba shi aƙalla awa shida tsakanin shafa da shafa. Tinar masu fentin mota da fetur kada su kusanci robar, narkar da ita suke yi. A ƙaramar kuma hatsarin shi ne kauri: shafa ɗaya mai nauyi ta isa ta cike layin ƙofa da ramukan gaban injin.

Da ka ajiye buroshi, kifa robar abinci mai tsabta a kan motar, ka ɗan ɗaga gefe ɗaya da tsinke. Ƙurar hunturu ba ta jiran minti biyar.

Alamar jan kuros a kan fari ita ce fuskar motar, ita ido ke fara sauka a kai. Sitikar da ke cikin kwali ta ruwa ce: a yanko ɗaya, a tsoma a ruwa mai ɗumi na daƙiƙa 15 zuwa 20, a ajiye ta saki da kanta, a zame ta kan jikin motar da jiƙaƙƙen buroshi. Matsala biyu ke biyo baya. In an ɗora ta a kan fenti marar ƙyalli, iska takan maƙale a ƙarƙashi, gefenta ya riƙa walƙiya kamar azurfa; don haka a fara shafa fenti mai ƙyalli marar launi, irin X-22 na Tamiya, a ɗora sitika, sannan a rufe komai da wani marar launi kuma marar ƙyalli. Ta biyu, farin sitika siriri ne, koren da ke ƙasa yakan leƙo ya mai da shi toka-toka. A 1/72 sitikun ƙanana ne, suna kwanciya ba gardama, kuma yanka kuros da hannu a wannan girma wahala ce marar riba. A 1/35 ta rufi babba ce, tana iya yagewa ko ta naɗe, musamman in kwalin ya daɗe a zafi. Amma a nan kana da mafita: auna girman farin daga jikin sitikar, shafa fari a wurin tun kafin kore, rufe shi da salatif ɗin takarda, ka bi bakin salatif ɗin da farin fenti siriri don ya toshe duk kafar da kore zai kutsa, sannan ka yi koren. Daga nan ko ka ɗora sitikar a kan farin, ko ka yanka kuros da salatif ka shafa ja. Manna salatif ɗin a bayan hannunka sau biyu kafin ka sa, don ƙarfinsa ya ragu, kuma ka cire shi a ranar, domin zafi yana sa ya bar danƙo.

Wasu kan tambaya ko za a iya sa jinjirin wata a maimakon kuros. Alamu ne biyu masu matsayi ɗaya a dokar yaƙi: an amince da jan kuros a yarjejeniyar Janeba ta 1864, Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta fara amfani da jan jinjirin wata a yaƙinta da Rasha na 1876 zuwa 1878, aka shigar da shi cikin yarjejeniyar a 1929. Motarka ce, kana iya sa wanda ranka ya kwanta da shi. Sai dai motocin sojan Amurka na yaƙin duniya na biyu kuros suka ɗauka, saboda haka in ka canza, ka bar tauraro da lambobin Amurkan ma a kwali. Zana jinjirin wata da hannu kuwa a 1/35 ne zai yiwu da kyau.

Ta fuskar kuɗi da wuri, ƙaramar ta fi sauƙi: kwalinta ƙarami, kuɗin aikowa kaɗan, fenti kaɗan. Amma kayan aikin iri ɗaya ne, kuma kwalba guda ta kore ta ishi ko wacce daga cikinsu. Abin lura wajen oda shi ne gam da fentin mai suna kama wuta, masu aikowa ta jirgin sama da yawa ba sa ɗaukarsu, don haka ka tabbatar da hanyar samun gam kafin ka biya kuɗin mota. In kwalin ya iso, kada ya yini a cikin mota a rana ko a saman durowa dab da rufin kwano. Ajiye shi ƙasa-ƙasa a ɗaki mai sanyi, takardar sitika kuma ka cire ta ka sa a leda mai zif, ka saka ta tsakiyar littafi har ranar da za ka buƙace ta.