Sulhu ko kotu: bin bashin ɗan Ayilan da ya koma Ostireliya

Ɗan'uwa, ka ce kana zaune a Dublin, babban birnin Ayilan, ka daɗe kana ba wani ɗan ƙasar kaya bashi, sai ya rufe shago ya koma birnin Sydney na Ostireliya da ragowar kuɗinka kimanin yuro 9,000, kuma kana tambaya ko ka nemi sulhu ko ka kai ƙara. Kafin ka zaɓi ɗaya, ka fara duba sunan da ke kan rasit ɗinka. Idan kamfani mai rajista ka sayar wa, to kamfanin kake bi, kuma galibi ba za ka iya taɓa dukiyar mai shi ba sai idan ya sa hannu cewa ya tsaya wa bashin da kansa. Ofishin rajistar kamfanoni na Ayilan zai nuna maka ko kamfanin yana nan ko an soke shi.

Sulhu yana farawa ne da daidaita lissafi: ka aika masa da bayanin kayan da ya karɓa da abin da ya biya da abin da ya rage, ka ba shi dama ya cire kayan da ya mayar ko waɗanda suka lalace. Amfanin wannan ya wuce kiyaye zumunci. A dokar Ayilan ta 1957, mai bin bashin ciniki yana da shekara 6 ne kawai ya shigar da ƙara, amma idan wanda ake bi ya amsa bashin a rubuce ya sa hannu, ko ya biya wani abu daga ciki, ana sake ƙirga shekarun daga farko. Saboda haka ko yuro 200 ya turo ta banki, ya tsawaita maka wa'adi, kuma ya bar maka shaida. Ku rubuta cewa da yuro za a biya, domin kada faɗuwar dalar Ostireliya ta ci kuɗinka, ku kuma fayyace wanda zai ɗauki kuɗin aikawa. Dokar 2012 kan jinkirin biya tsakanin 'yan kasuwa ta ba ka damar neman kuɗin ruwa. Idan kai ba mai karɓar ruwa ba ne, ka sanar da shi cewa ka yafe, hakan kan sa mutum ya saki jiki. Raunin sulhu ɗaya ne: idan ya daina amsa saƙo, babu abin da zai tilasta masa.

Kotu kuwa tana da ƙarfin tilastawa, sai dai ƙarfin nata yana raguwa da zarar an tsallake iyaka. Kuɗinka yana cikin hurumin kotun gunduma, wadda ke sauraron ƙarar da ba ta wuce yuro 15,000 ba, amma isar da sammaci ga mutumin da ke wajen Tarayyar Turai yana buƙatar ƙarin matakai da kuɗin lauya da watanni. Idan ka yi nasara, hukuncin yana da rai har shekara 12, kuma idan ya bar gida ko fili a Ayilan, za ka iya yi wa hukuncin rajista a kan kadarar, ta yadda sayar da ita zai yi masa wuya sai an sallame ka. Idan kuwa duk abin da ya mallaka yana Sydney, sai ka ɗauki wani lauyan a can ya nemi kotunsu ta amince da hukuncin, kuma ɗawainiyar tana iya lashe kaso mai yawa na abin da kake bi. Da a ce Jamus ko Sifaniya ya koma, da maganar ta yi sauƙi, domin suna cikin Tarayyar Turai kamar Ayilan, kuma hukuncin Ayilan yana aiki a can ba tare da an sake shari'a ba.

A ganina, ka fara da sulhu, ka ba shi wata biyu ya sa hannu a kan lissafin, a lokacin kuma lauyanka ya bincika ko yana da kadara a Ayilan. Idan yana da ita, ko kuma shekara 6 ɗin ta kusa cika bai rubuta maka komai ba, ka shigar da ƙarar ko da kuna cikin tattaunawa.