Balarabiyar da ke jinyar mutane da zanen hoto a Njamena

Tun da ambaliyar 2022 ta ci gidanmu, ɗana ya daina barci. Maƙwabciyata ce ta kai mu wurin wata Balarabiyar Shuwa mai jinyar damuwa da zanen hoto, sefa 3000 kowane zama. Kawunsa ya ce zana mai rai haramun ne, a kai yaro ruƙiyya kawai. Balarabiyar ko musu ba ta yi ba. Takarda da gawayi ta miƙa wa yaron, ya yi ta zana kogin Shari baƙi ƙirin, ba mutum ba dabba.

Ta ce min, "Hajiya, dangina ma a ɓoye suke zuwa, kar a ce sun taɓu."

Matsalarta guda, Hausarta ba ta nuna ba, sai da tafinta. Yaron dai yanzu sai an tashe shi sallar asuba.